Aya-aya da kiri-kiri sun cinye min lambu, wane magani zan fesa?

Sa'idu Ringim: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ɗan lambun da Baba ya yankar min a bakin fadama, bai kai rabin eka ba, aya-aya da kiri-kiri sun mamaye shi. In na nome yau, kafin sati ya zagayo sun dawo. Ina son dasa albasa da tumatur idan ruwa ya ɗauke. Wane maganin feshi ne zai kashe su har saiwa, kuma ba zai hana ni dashe ba?

Ado Mai Inji: Wa alaikumus salam. Gramoxone kawai. Ka fesa da safe, da yamma ka ga aiki.

Malam Habu Kadawa: A'a Ado, kada ka sa yaro asarar kuɗi. Wannan ganye kawai yake ƙonawa. Aya-aya kuwa ranta yana ƙasa, a cikin 'ya'yan nan baƙaƙe da ke sarƙe da juna. Sama za ta bushe, bayan kwana goma ta sake hudowa kore shar.

Ado Mai Inji: To ni dai shi nake fesawa, kuma gonata fes take.

Malam Habu Kadawa: Gonarka ta tudu ce, harkiya da ƙarangiya ne a ciki. Ba ciwo ɗaya kuke yi da Sa'idu ba.

Ɗanlami Bunkure: Force Up. Shi ne maganinta.

Usaini Tela: Ni Roundup na sani.

Nura Malamin Gona: Ɗanlami da Usaini, duk abu ɗaya kuke faɗa. Sunan kamfani ne ya bambanta, sinadarin da ke ciki glyphosate ne. Sa'idu, ka bar kallon hoton jikin robar, ka juya ta ka karanta ƙananan rubutun, in ka ga glyphosate to shi ne. Shi ta ganye yake shiga ya gangara saiwa, shi ya sa ba ya gaggawa. Sai kamar sati ɗaya ka fara ganin rawaya, sati biyu ta mutu. Batun paraquat kuwa, wanda ke cikin abin da Ado ya ambata, NAFDAC ta hana shi tun 2024. Guba ne da ba shi da makari, kurɓi ɗaya yana iya kashe mutum. Ganin sa a kasuwa bai sa ya halatta ba.

Sa'idu Ringim: Na gode Malam. To in fara nomewa sannan in fesa?

Nura Malamin Gona: Kul. In ka nome ka cire ƙofar da maganin zai shiga. Ka bar ta ta yi ganye sosai, ta kai kamar taƙi ɗaya, tana kore tana cikin jin daɗi. Bayan feshi ma kada fartanya ta shiga sai ta cika sati biyu.

Alhaji Garba Auyo: Salamu alaikum. Sa'idu ɗana, tunda albasa ka ambata bari in ba ka labarin abin da ya same ni, domin har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ina da wani yanki a gefen gonar shinkafata, kiri-kiri ta hana shi sakat. Na je wajen wani mai shagon magani da muka saba, na gaya masa dalla-dalla cewa albasa da kayan miya zan sa a wajen. Ya ce yana da haɗi na musamman, mai kashe wadda ta fito kuma ya hana wata fitowa har wata uku. Ya ɗauko a robar lemo, ba takarda ba suna, fari kamar an dama alli. Da yaro ya gama feshi na leƙa tankin, ga farin abu kwance a gindi. Ciyawa kam ta mutu, wajen ya yi tas, har maƙwabta suna tambayata me na fesa. Muka yi kaftu, muka ja fangali, muka kawo irin da na raina da hannuna muka dasa. Kwanakin farko ya kama kamar abin arziki. Daga nan bakin ganyen ya fara yin rawaya, ya koma ruwan ƙasa, ya kwanta. Na ce ko ruwa ne ya yi yawa, muka rage. Na ce ko tsutsa ce, muka tona, saiwa lafiya lau. Kuɓewa da waken da na yafa a bakin kunya su ma suka bi sahu, amma 'yar masarar da ta tsiro da kanta a tsakiyar fangali tana nan tsaye ko gezau. Wannan masarar ce ta tona asiri. Wani malamin gona da ya zo ya kalle ta ya ce Alhaji atrazine aka haɗa maka, masara da dawa suna jure shi, kayan lambu ba sa jurewa, kuma yana zama a ƙasa watanni. Na koma wajen mai shago, ya rantse shi bai ji na ce albasa ba. Ba takarda, ba shaida, da me zan kai ƙara? Ranin nan gaba ɗaya wajen a banza ya zauna, ga kuɗin iri, ga na man inji, ga na 'yan ƙwadago. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da haɗi mai hana tsiro, ka ce masa ka gode. Ka sayi roba a rufe da hatiminta, mai lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka buɗe ta da hannunka.

Usaini Tela: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji.

Ɗanlami Bunkure: Amin. Masu zubawa a robar lemo sun yi yawa yanzu, ko a Wudil ranar Juma'a za ka gan su a tire.

Sa'idu Ringim: Amin. Baba Alhaji na ji, Allah ya saka. Shi glyphosate ɗin ba ya zama a ƙasa haka?

Nura Malamin Gona: Ba ya yi. Da ya taɓa ƙasa sai ta riƙe shi, saiwar shuka ba ta ɗaukarsa. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a haɗa shi da ruwan kududdufi. Lakar da ke cikin ruwan za ta riƙe maganin tun a tanki, ka fesa ruwa zalla. Ka ɗebo na rijiya ko na burtsatse.

Ado Mai Inji: Ni in zan yi sai in haɗa biyun a tanki ɗaya, mai ƙonawa da mai bin saiwa. Kowa ya yi aikinsa.

Malam Habu Kadawa: Ka ga inda kake zubar da kuɗi. Mai ƙonawa zai kashe ganyen kafin ɗayan ya gangara ƙasa. Ka biya kuɗin magani biyu ka samu aikin ɗaya.

Ado Mai Inji: Malam Habu kai komai na faɗa sai ka ce a'a. Ko rana na ce ta fito sai ka leƙa waje.

Malam Habu Kadawa: Taubashi, in ka faɗi daidai sau ɗaya zan yanka zakara.

Baba Ilu Taura: Yaran yanzu ba ku son duƙawa. Rabin eka har sai an sayi magani? Mu aya-aya da rani muke kashe ta. A yi kaftu mai zurfi cikin watan zafi, a juyo 'ya'yan sama, rana ta gasa su. Kiri-kiri kuma a bi da manjagara a tattara jijiyar a ƙone, don kowace gaɓa ka bari a ƙasa sabuwar ciyawa ce. Wanda ya sa garmar shanu ya daddatse ta ya bar ta a wajen, shuka ta ya yi.

Sa'idu Ringim: Baba, da ranin ne nake son dashen ai. In na jira watan zafi albasa ta wuce ni.

Baba Ilu Taura: To ka raba wajen biyu. Rabi ka dasa, rabi ka bar wa rana.

Nura Malamin Gona: Maganar Baba Ilu gaskiya ce, kuma ba ta kore feshi ba. Feshi ɗaya ba ya gama aya-aya, domin 'ya'yan da suke barci a ƙasa, waɗanda ba su fitar da ganye ba, magani ba ya kai musu. Za su taso daga baya. Sai ka sake fesawa ko ka bi su da hannu. Kuma ba ta son inuwa, in damina ta dawo ka rufe wajen da wake mai yaɗo ko dankali, za ka ga ta ragu.

Usaini Tela: Awo fa? Gwangwanin madara ɗaya a tanki ko biyu?

Ɗanlami Bunkure: Ɗaya ya isa.

Nura Malamin Gona: Ga ciyawa mai laushi ya isa, ga waɗannan bai isa ba. Irin wanda aka rubuta 360 a jikinsa, wato lambar ƙarfin maganin, masu taurin kai suna cin kamar lita 4 a hekta. In kana fesa ruwa lita 200 a hekta, mil 20 ke nan a kowace lita, tankin goyo mai lita 16 zai ci mil 320. Amma takardar jikin robar ita ce alƙali, don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ka fesa bayan raɓa ta bushe, ba iska, kuma in ka ga hadari ka fasa, yana bukatar kamar awa shida ba ruwa.

Hajiya Rabi Gujungu: Ku yi haƙuri in sa baki. Kuna ta lissafin tanki, ba wanda ya tuna da mu. Tafasa, lalo, rama, duk a gefen gonakinku yara mata suke tsinko su. Wannan da kuka ce sai sati yake nunawa shi ya fi ba ni tsoro, ganye yana kore yarinya za ta tsinka a kai tukunya. Don Allah wanda ya fesa ya gaya wa maƙwabta. Robobin kuma ku huda su ku binne. Da idona na ga an zuba man gyaɗa a robar maganin ciyawa, wai an wanke.

Ardo Bello: Hajiya kin faɗi tawa. Mu ma dabba ba ta san an fesa ba. Ku ɗaura jan ƙyalle a sanda mu gani mu kauce.

Ado Mai Inji: Ardo, me ya kawo shanu lambun mutum tun farko?

Ardo Bello: Me ya kawo lambu kan burtali? Hanyar mashaya da kakanninmu suke bi yau duk albasa ce.

Ado Mai Inji: Ka zo ka nuna min burtalin da ke cikin gonata.

Shugaban Zaure: Jama'a a dakata. Maganar burtali tana gaban Hakimi, ba a nan za a yanke ta ba. Jan ƙyalle dai ba ya cin kuɗi, a riƙa ɗaurawa.

Musa Haɗeja: Tunda ana maganar ciyawa, kachala fa? Ta toshe mana magudanar ruwa, tsuntsaye sun samu gidan kwana a ciki suna cinye shinkafa. Shi wannan maganin yana kashe ta?

Nura Malamin Gona: Kada ka fesa a cikin ruwan da mutane da dabbobi suke sha, ga masunta kuma. A yanke ta ƙasa da saman ruwa, ruwa ya rufe kututturen, shi ke shaƙe ta.

Musa Haɗeja: Wa zai shiga ruwan nan da lauje Malam? Aikin gayya ne, kuma matasa sun tafi birni.

Alhaji Garba Auyo: Sa'idu, abu ɗaya na manta. In aron injin feshi za ka yi, ka tambayi me aka fesa da shi na ƙarshe. Masu shinkafa suna sa wani maganin ciyawa mai suna 2,4-D, ɗan abin da ya rage a tiyo ya isa ya murɗe maka ganyen tumatur. Bayan ka gama naka kuma ka wanke shi da omo kafin wani ya zuba maganin ƙwari a ciki. Ka sa takalmin roba da dogon wando, ka rufe hanci, kan feshin in ya toshe kada ka busa da baki.

Sa'idu Ringim: In sha Allahu Baba. Wa yake da inji a kusa da Ringim?

Ɗanlami Bunkure: Nawa robar famfon ta tsage. Wa ya san inda ake samun ta?

Usaini Tela: Ka duba Gujungu ranar Lahadi, layin masu kayan injin ban ruwa. Ka tafi da tsohuwar don a gwada.