Shawarwarin da aka bayar kan tafiyar jirgin sama cikin gida

Mun daɗe muna tattauna maganar nan, ga abin da na tsinta a taƙaice. Tun da gwamnati ta rushe kamfaninta na jiragen sama, Nigeria Airways, a 2003 harkar ta koma hannun 'yan kasuwa, su kuma inda fasinja yake nan suke zuwa, shi ya sa kusan komai sai ya bi ta Legas ko Abuja, mutum daga Sakkwato zai je Maiduguri amma sai ya sauka Abuja tukuna, abin haushi wallahi.

To shawarar da aka fi nanatawa ita ce in za ka canza jirgi ka bar tazarar awoyi sosai tsakani, musamman lokacin hunturu da hazo ke hana sauka, kuma ka ɗauki na safe don na yamma ya fi yawan latti. Filayen jihohi irin su Dutse da Birnin Kebbi kuwa ka fara tabbatar akwai jirgi ranar kafin ka sa rai. Wasu sun ce a riƙa bin sanarwar hukuma, don a 2017 da aka rufe filin Abuja na sati 6 kowa Kaduna ya koma.