Don Allah a ba ni shawara kan tocilar aljihu kafin Laraba

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai tura ta kai bango.

Ni ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Argungu. Iyalina suna cikin gari, mako guda ina kwana a wurin aiki, mako guda ina gida. Muna da sola amma batiranta sun tsufa, bayan isha'i da kamar awa biyu sai ta ɗauke. Daren Asabar da ta wuce aka kawo mini yaro ɗan shekara biyu da amai da gudawa, duk ya yanƙwane, dole sai ƙarin ruwa. Kun san neman jijiyar irin wannan yaro ko da rana tsaka aiki ne. Na kunna fitilar wayata na miƙa wa kakarsa ta haska mini. Ina cikin lalube sai ga kira ya shigo, ƙanwar matata ce, kuma na san maganar kuɗin anko ce don tun Alhamis take bibiyata. Waya ta yi kuka a hannun tsohuwa, ta zabura ta sake ta, sai cikin bokitin da muke wanke hannu. Wayar nan da kuɗin adashi na saye ta, ko wata biyar ba ta yi ba, har yanzu ina kan zubi. Yaron dai alhamdulillahi ya tashi, da fitilar maƙwabci muka ƙarasa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da wata tocila ta ƙarfe mai cin manyan batir uku, ya fi shekara goma sha biyar yana gadi da ita ba ta taɓa ba shi kunya ba. Yayana ne ya ɗauke ta tun kafin a zauna rabon gado, amma wannan wata magana ce. Ni kuwa daga bara zuwa bana tocila uku na saya, irin masu ƙafa biyu da ake sokawa a soket, duk sun mutu.

Yanzu akwai wani da ke kawo kaya daga Kano, ya nuna mini wata baƙa ta ƙarfe, ana jan kanta haske ya tsuke ko ya baje. A kwalin an rubuta lumen 50,000, batirinta kuma 9900mAh. Na ba shi rabin kuɗi, Laraba zai kawo. Uwargida ta ce asara zan sake yi, tun jiya ba ma magana sosai. Ina son wadda za ta zauna a aljihuna kullum. In karɓa ko in fasa?

Ɗan Autan Gwandu:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri likita. Wayar ta tashi kuwa? Ka sa ta cikin shinkafa.

Injiniya Mai Waya (Jega):
Ka fasa. Ko sisi kada ka ƙara masa. Shekarata goma sha ɗaya a kan teburin gyara, abin da zan faɗa maka ba ji na yi ba.

Lumen ma'aunin yawan haske ne. Ƙwan fitilar mota irin na da, guda ɗaya, bai kai lumen 2,000 ba. Wato an ce maka hasken fitilar mota sama da ashirin da biyar zai fito daga abin da bai fi tsinken rake kauri ba? Da gaskiya ne da tafin hannunka ya soye kafin ka ƙirga goma.

Batirin ma ya tona asirin mai kaya. Shi mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka ne. Sunansa 18650, kuma sunan awonsa ne: kauri milimita 18, tsawo 65. Manyan kamfanonin da ke yin na ƙwarai, irin su Samsung da LG da Panasonic, nasu yana tsayawa ne wajajen 3,500mAh. Duk wanda ka ga an buga masa 9900 to fenti ne kawai. Na gaske yana da nauyin giram 45 ko ɗan sama da haka, ka kai wa mai sikelin gwal ya auna maka in kana musu. Na sha fasa na bogi in tarar da ɗan mitsitsin batir a ciki, sauran wurin an cika da yashi.

Waɗanda suka mutu a hannunka kuwa, galibin masu ƙafa biyun nan ɗan ƙaramin batir mai ruwan batir ne a cikinsu, dangin na mashin. In ya ƙare tas aka bar shi kwanaki ba caji, ya tafi ke nan. Kai kuma mako guda kake yi a inda ba wuta.

Ka nemi ta alminiyam mai cin 18650 guda ɗaya, mai ramin caji USB-C irin na waya. Wurkkos FC11 nake riƙewa, tana da maganaɗisu a gindi, ka manna ta a ƙarfen gado ko sandar rataye ruwa ka yi aikinka da hannu biyu. Kamfanin Sofirn ma suna yin masu kyau. Duk wanda ya ce maka wani abu daban bai san kan abin ba.

Maman Walid:
Injiniya, ka iya waya amma ba ka taɓa duba idon majiyyaci ba. Unguwar zoma ce ni a Yauri, na fi shekara ashirin ina aikin dare. Ɗan uwana, irin aikinmu ba haske mai yawa yake so ba. Ka dalla wa yaro mai zazzaɓi lumen dubu a ido ka ga ihu, kuma a kusa farin hasken dawo maka yake yi, jijiyar ma ba za ka gani ba. Ni 'yar siririya nake amfani da ita mai kamar biro, tana cin ƙananan batir AAA biyu, tana da maƙali ina soke ta a aljihun riga. Ka kuma kula da launin hasken. Mai fari fat da ya yi shuɗi-shuɗi yana ɓata kalar fata, ka nemi wanda ya ɗan yi ruwan ƙwai. Shawarar jariri kam ko da wace tocila ce ban yarda ba, sai gari ya waye in kai shi bakin taga.

Matsalata ɗaya, ba ta zama. Guda huɗu na saya bana. Maigida ya ce ara mini in duba raguna, shi ke nan. Yaransa su ɗauka su tafi makarantar dare. In na yi magana a ce na cika mita a kan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali ko sau ɗaya ba wanda ya taɓa sayo batir a gidan nan. Ranar da haihuwa ta zo ƙarfe biyun dare ni ce zan yi ta lalube a jaka.

Nawa ne ma kuɗin da ka ware? Ba ka faɗa ba.

Ɗan Autan Gwandu:
Mutum ya zo neman shawara an koma ciwon shawara.

Abban Hanifa:
Na gode Injiniya, na gode Hajiya. Amma gaskiya da idona na ga hasken tocilar nan. Da magariba ya gwada mini, daga ƙofar shago har kan wata giginya da ke tsallaken titi, ganye ɗaya-ɗaya ana gani. Ko da bai kai 50,000 ɗin ba, ai haske dai haske ne. Kuma mutumin ba baƙo ba ne, ɗan ƙanen surukina ne, ba na jin zai cuce ni. Mai kamar biron nan na taɓa riƙe irinta lokacin muna makaranta, ba ta haska hanya, ni kuma ina bin gefen fadama in zan je masallaci da asuba.

Baba Ɗan Kamba:
Yaro, ji nan. Wanga zance na caji duk na 'yan birni na. Shekara talatin ina tahiya tsakanin Kamba da Gaya, ba mu san wani lumen ba. Batir Tiger Head kowane ƙauye ka shiga akwai shi, ko teburin mai sayar da ashana. Tocilar da sai an jira wuta ko rana kahin ta yi aiki, mi amfaninta ga mutumin ƙauye?

Kuma in gaya maka abin da yaran ga ba su gaya maka ba. Zamanin ga ba a yawo da haske mai tsallaka gari cikin dare. Kana dallawa daga nesa an san inda kake, kai ba ka san mai kallonka ba. Ko 'yan sintiri sunka gan ka sai ka yi bayani. Haske ka kai shi ƙasa, gaban ƙahwarka, ya isa. Mu da munka ga jiya munka ga yau, kayan da anka yi da can su ne kaya. Yanzu ko takalmi ka saya sati biyu ya buɗe baki.

Injiniya Mai Waya (Jega):
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta biyu gaskiya ce, kuma ita ce hujjata. Tocilar kirki tana da matakai, akwai na ƙasa can wanda bai fi lumen ɗaya ko biyu ba, ka duba agogo ko idon yaro ba wanda ya san ka kunna, kuma a haka sai ta yi kwanaki ba caji. Wannan ya amsa wa Hajiya ma. Ta likita kuwa na san irinta ko ban gani ba: ƙarfi, rabi, sai walƙiya kamar motar 'yan sanda, kuma dole ka bi ta kansu duka kafin ta mutu. Batir na zubarwa kuwa in ya kwana biyu a ciki yoyo yake yi ya cinye ƙarfen.

Likita, abin da ka gani a giginya dabarar gilashi ce. An tattara ɗan hasken wuri ɗaya ne ya tafi nesa. Ka ce ya bar ta a kunne minti goma sha biyar a gabanka, ka ga yadda za ta koma kamar aci-balbal.

Manomi Daga Bunza:
Ni dai abin da zan ce, in kana bin fadama kada ka yi wasa da haske. Ina ban ruwan shinkafa da dare lokacin rani, sau biyu ina cin karo da kububuwa a kan kunya, kalarta ɗaya da ƙasa. Mai jan kai ɗin nan na taɓa saya, ta faɗa ruwa sau ɗaya gilashin ya yi gumi daga ciki, ba ta ƙara kamawa ba. Ga man injin da ya yi tsada, ga taki, ga masu saye su zo su yi maka farashin wulaƙanci bayan ka gama shan sauro. Wallahi noman bana sai dai a ce alhamdulillahi.

Injiniya Mai Waya (Jega):
Ka ji ko? Mai jan kai duk lokacin da ka ja ta iska take zuƙa, da ƙura da damshi. A duba IPX a jiki, wato alamar yadda tocila ke jure ruwa. IPX4 yayyafi kawai take jurewa, IPX7 kuwa an gwada ta cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti talatin.

Malamin Firamare, Zuru:
Da izinin manya. Me zai hana a raba gardama? Akwai ƙanana masu cin batir AA guda ɗaya, kuma suna karɓar na caji mai suna 14500 wanda girmansu ɗaya. In yana gari ya yi caji, in ya ƙare a ƙauye ya sayi na shago ya sa. Tsawonta bai fi yatsa da kaɗan ba, ta fi ta Injiniya dacewa da aljihun kaftani. Sai dai a tabbata an rubuta tana karɓar duka biyun, don AA bolt 1.5 ne, 14500 kuwa 3.7, in ka sa shi a wadda ba a yi don shi ba ƙwan zai ƙone nan take. Wani abu kuma, in za ka sa ta aljihu ka ɗan sassauta murfin gindin. Tawa ta taɓa kunna kanta ina cikin aji, sai zafi na ji a cinya, ta bar mini tabo a sabuwar shadda.

Injiniya Mai Waya (Jega):
Malam, 14500 da ƙyar yake ɗaukar sulusin abin da 18650 ke ɗauka. Wasan yara ne. Likita, amsa mini abu ɗaya: akwai inda za ka yi caji a ƙauyen da rana, ko kana da fawa banki? Kuma kowace ka saya kada ka bar ta ƙarƙashin kujerar mashin a ranar bazara, batirin litiyam ba ya shiri da zafi.

Abban Hanifa:
Duk na karanta, Allah ya saka da alheri. Amma ku fahimce ni, kuɗin nan na riga na bayar, in na ce na fasa maganar har gidan surukai za ta kai, ga rigimar anko ba a gama ba. Kuma waɗannan sunaye da Injiniya ya lissafa ban taɓa ganinsu a kasuwar Argungu ko Birnin Kebbi ba, ni kuma ban iya sayayya ta intanet ba, wayar ma tana wurin mai gyara. Tunanina in karɓi wannan ɗin, in ya so daga baya in canza mata batir na ƙwarai. Ai matsalar batirin ce ko? Baba kuma ni ba yawon dare nake yi ba, daga asibiti sai masallaci.

Maman Walid:
To ai ka riga ka yanke hukunci ɗan uwana, mu dai ka sa mu zuba. Har yanzu ba ka faɗi nawa ka ba shi ba.

Injiniya Mai Waya (Jega):
Ba batirin kaɗai ba ne, na yi maka bayani a sama. Ka kawo ta Jega ranar da ka karɓa in buɗe ta a gabanka kyauta.

Baba Ɗan Kamba:
Ka tai ka amso ta ubanka wurin yayanka.

Ɗan Autan Gwandu:
Injiniya, ni tawa tana kamawa sai na buga ta a tafin hannu. Mene ne matsalar?