Me ke sa rumbun makaman soja ya tashi da kansa, kuma me maƙwabtan bariki za su yi?

Ɗan Gwange:
Assalamu alaikum jama'a. Lokacin da aka ji fashe-fashe a barikin Giwa na Maiduguri a 2025, sojoji sun ce tsananin zafin gari ne ya sa wasu makamai suka tashi. Mutane da yawa ba su gamsu ba. Shin da gaske zafin rana kaɗai zai iya tayar da bam ba tare da kowa ya taɓa shi ba? Kuma mu da gari ya ci mu har jikin katangar bariki, me ya kamata mu yi idan hakan ta sake faruwa? Masana a taimaka.

Malam Sule Injiniya:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zafi yana iya yi, amma ba ta hanyar da mutane ke zato ba. Sinadarin da ke cikin kan bam, irin su TNT, yana da haƙuri, sai zafi ya kai digiri 80 ma yake narkewa. Mai saurin fushin shi ne albarushin da ke tura harsashin igwa ko roka. Da wani sinadari mai suna naitiroselulos ake yin sa, kuma tun ranar da ya fito daga masana'anta yake ruɓewa a hankali, yana fitar da wata iska mai tsami da ke ƙara hanzarta ruɓewar. Shi ya sa ake zuba masa wani sinadari da ke shanye wannan iskar. To sinadarin ƙarewa yake yi. Ranar da ya ƙare, albarushin zai riƙa ɗumama kansa da kansa har ya kama wuta, ko da tsakar dare ne, ko da ƙofa na kulle.

Inda zafi ya shigo kenan. Ƙiyasin da masu ajiyar makamai ke aiki da shi shi ne, da zarar an wuce digiri 30, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar ko fiye. Kwantenar ƙarfe da aka ajiye a rana a watan Afirilu tana iya haura digiri 60 a ciki. Kayan da aka yi su don su yi shekaru da dama sai su tsufa cikin 'yan bazara kaɗan.

Akwai kuma harsasan hayaƙi masu wani sinadari da ake kira farin fosfaros. Shi wannan yana narkewa a digiri 44, zafin da Maiduguri ke kaiwa ko a inuwa, kuma da ya sami tsaga ya sha iska sai ya kama da wuta. Don haka a tsaye ake jera su, su kaɗai, da ruwa a kusa.

Maganin ba ɓoyayye ba ne: inuwa a kan kwantena da tazara tsakanin rufin da ƙarfen, akwatuna a kan katako ba a ƙasa ba, a bar rata tsakaninsu da bango don iska ta zagaya, sannan a riƙa ɗaukar samfurin kowane rukuni, bisa lambar da ke jikin akwatin, ana gwada abin da ya rage na wancan sinadari. Rukunin da ya faɗi gwaji a fitar da shi a lalata.

Tsohon Saje:
Malam Sule ya yi bayani daidai, sai dai kada mu ɗora wa rana laifin kowa. Ku duba manyan fashe-fashen da aka sani. A barikin Ikeja, ranar 27 ga Janairu 2002, gobara ce daga kasuwar da ke kusa ta kai ga rumbun. A Mpila ta birnin Barazabil na ƙasar Kongo, 4 ga Maris 2012, hukuma ta ce wayar lantarki ce. A Bata ta Ikwatoriyal Gini, 7 ga Maris 2021, an danganta abin da ƙona gonaki a gefen barikin, mutum fiye da 100 suka rasu. Duk wuta ce da ba daga jikin makaman ta taso ba, irin wadda share ciyawa, hana sigari da ashana, gyara waya da kafa ƙarfen kama aradu ke tarewa.

Abin da ke mayar da ƙaramar gobara ta zama bala'i abu biyu ne: cakuɗa kaya da rashin tazara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa kayan aji-aji. Aji 1.1 shi ne wanda idan ɗaya ya tashi duka suke tashi lokaci guda. Aji 1.2 yana fashewa ɗaya bayan ɗaya yana watsa ƙarafa. Aji 1.3 wuta ce mai tsanani. Aji 1.4, kamar harsashin bindiga na yau da kullum, yana ƙonewa yana tartsatsi amma ɓarnarsa ba ta nisa. Idan ka haɗa su ɗaki guda, dukansu sun koma ajin mafi muni a cikinsu. Ƙananan abubuwan da ke kunna bam kuwa, ba a taɓa kwantar da su ɗaki ɗaya da manyan kayan.

Tazara ma lissafi gare ta, kuma nauyin sinadarin da ke ciki ake aunawa, ban da ƙarfen. Ga aji 1.1, tan 10 yana buƙatar kusan mita 480 tsakaninsa da gidan mutane, tan 100 kuma sama da kilomita ɗaya. Yanzu ku auna da unguwannin da suka manne da katangar bariki. Yawancin rumbunan nan a daji aka gina su, gari ne ya je ya same su. Gyaran ɗaya ne cikin biyu, ko a rage abin da ke ciki ko a kwashe shi zuwa nesa.

Hajiya Falmata:
Yallaɓai, ku bar ni in amsa masa rabin tambayar na biyu, don nan ne rayuka suka fi salwanta. A Ikeja mutum fiye da 1,000 suka mutu, kuma mafi yawansu ba bam ne ya kashe su ba. Gudu suka yi a ruɗe cikin duhu suka faɗa magudanar Oke-Afa da ciyawar ruwa ta rufe, akasarinsu mata da yara.

Da ka ji ƙarar farko, ka kwanta ƙasa nesa da taga, domin gilashi ne ke fara yanka mutane. Kada ka hau soro kallo. Fashewar kan ɗauki sa'o'i, kuma shirun da ke tsakani ba alamar ƙarewa ba ce. Idan za a fita, a bi hanyar da aka sani wadda ke nesanta mutum da barikin, yara a hannu. Kowane gida ya tsayar da wannan hanyar da wurin haɗuwa tun yanzu.

Washegari kuma za a tarar da harsasai da rokoki a tsakar gida, a kan rufi, a gona. Waɗannan sun fi na cikin rumbu haɗari, saboda wuta ta gasa su, jifa ta girgiza su, ƙila sakatar tsaron da ke cikin kansu ta riga ta saki. Ba a ɗagawa, ba a juyawa da sanda, ba a zuba ruwa, ba a binnewa, ba a jefawa a rijiya ko masai. Ka koma ta inda ka zo, ka sa alama daga nesa, ka hana yara zuwa, sai ka yi nisa sannan ka kira sojoji ko 'yan sanda masu kwance bam, ka sanar da bulama ko mai unguwa. Tsatsa ba ta kashe bam. A faɗa wa 'yan gwangwan wannan da babbar murya, domin yawancin haɗarin da suke gamuwa da shi a wurin dukan ƙarfe ne da guduma ko ƙona shi don a ciro tagulla.

Ɗan Gwange:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, idan wani ya riga ya ɗauko ya kai ɗaki fa, a mayar da shi waje?

Hajiya Falmata:
A'a, ɗana. A bar shi daidai inda yake. Mutanen gidan ne za su fita, da na gidajen da ke jikinsa, a kashe murhu kafin a tafi, kada a buga ƙofa da ƙarfi. Idan masu kwancewa sun zo a gaya musu gaskiyar daga ina aka ɗauko shi da yadda aka riƙe shi, domin da wannan bayanin za su yanke ko zai ɗauku ko sai an lalata shi a wurin.