Tambaya: Hannu nawa gandun Hever ya bi, kuma yaya ake bin sawun irinsa?

Sadauki: Assalamu alaikum. Don Allah masana, tsohon gidan gandun nan na Hever da ke Kent a Ingila, su wa suka mallake shi? Kuma mai son binciken irin wannan gida, ta ina zai fara?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. A 1462 Geoffrey Boleyn, attajirin da ya taɓa zama magajin garin Landan, ya saye shi. Jikansa Thomas ya gaje shi a 1505, shi ne mahaifin Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas ta biyu. Da Thomas ya rasu a 1539 gidan ya faɗa hannun sarki, shi kuma a 1540 ya bai wa wata matarsa, Anne ta Cleves, lokacin da aka raba aurensu. Ta rasu a 1557, sai dangin Waldegrave suka karɓa, daga baya dangin Meade-Waldo, waɗanda suka ba manoma hayarsa har ginin ya lalace. William Waldorf Astor, attajiri haifaffen Amurka, ya saya a 1903, ya gyara shi ya haƙa masa tafki. Zuriyarsa ta sayar wa kamfanin Broadland Properties a 1983.

Hajiya Talatu: Batun bincike kuwa, ɗan'uwa, daga yau ake farawa a koma baya, kada ka faro daga sama. Ofishin rajistar filaye ya buɗe a 1862, amma sai a 1990 rajista ta zama dole a ko'ina a Ingila da Wales idan an yi ciniki. Gandun da ya daɗe hannun dangi ɗaya yana iya rasa suna a can. Daga nan ka nemi takardun kimanta filaye na 1910, sannan taswirorin ushirin coci da aka zana bayan dokar 1836. Waɗannan na fi amincewa da su, domin kowace gona tana da lamba, an kuma ware sunan mai ita da na mai noma ta. A nan ake yawan tuntuɓe, a ɗauki ɗan haya a matsayin mai gida. Wasiyyun kafin 1858 kuma a kundin kotunan coci suke.

Baba Na-Ɗanladi: Hajiya ta gama magana, sai ƙari biyu. Gida daban, gonaki daban, sarautar gandu (wato muƙamin ubangidan gandu da haƙƙoƙinsa) daban, ana iya sayar da kowanne shi kaɗai. Ka tabbatar wanne takardar ke nufi kafin ka haɗa jerin masu gidan. Haka ma in suna ya canza ba tare da ciniki ba, duba aure, galibi 'ya mace ce ta gada.

Sai kwanan wata. Kafin 1752, sabuwar shekara a Ingila 25 ga Maris take kamawa. Takardar da ta ce Fabrairun 1700, a lissafinmu 1701 ce. In ba ka gyara ba, za ka tarar da mutum ya sayar da gona wata goma kafin ya saye ta.