Lasisin likita: a bar shi a Abuja ko a mai da shi hannun jihohi?

Baban Ilham: Jama'a, ni fa ina nan a kan bakana. Ikon ba likita lasisi da ƙwace shi ya koma hannun jihohi, kamar yadda Amurka ke yi. Can gwamnatin tarayya ba ta ba kowa lasisin duba marar lafiya. Kowace jiha da hukumarta: ita ke tantance takardu, ta saurari ƙorafi, ta dakatar da wanda ya yi ɓarna. Tun 1889 kotun ƙolinsu ta tabbatar wa jihohi wannan iko, a wata shari'a daga West Virginia. Mu kuwa komai sai MDCN, hukumar rajistar likitoci ta ƙasa, a Abuja.

Uwar Biyu: Wallahi Malam ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi. An yi wa ƙanwata tiyatar haihuwa a wani asibitin kuɗi, wata biyu ciwon yana ruwa, tana tafiya a duƙe kamar tsohuwa. Da aka sake buɗe ta a wani wuri, auduga aka ciro. Muka ce za mu kai ƙara, aka ce sai mun yi takardar rantsuwa a kotu mun aika Abuja. Mahaifinmu ya ninke takardun asibitin ya tura ƙarƙashin katifa, ya ce ya bar su da Allah.

Likitan Ƙauye: Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya. Amma kada a haɗa abu biyu. Sa ido kan ginin asibiti da kayan aiki hurumin jiha ne, shi ya sa a Kano hukumar PHIMA ke garƙame asibitoci masu zaman kansu. Shi likitan kansa MDCN ke riƙe da sunansa. Kwamitin bincike zai fara duba ƙorafi, in akwai abin tuhuma ya miƙa wa kotun ladabtarwa, ita kuma ta yi gargaɗi, ko ta dakatar, ko ta goge suna daga rajista. Wanda bai gamsu ba ya nufi Kotun Ɗaukaka Ƙara. In an goge ka, daga Sakkwato har Kalaba babu inda za ka sake rataya abin awo a wuya bisa doka.

Baban Ilham: A takarda kenan, Likita. Mutum nawa a Gumel ko Funtuwa suka san ma akwai wannan kwamitin?

Likitan Ƙauye: Wannan gaskiya ce, ban musa ba. Amma Amurkar da kake yabo, ka tuna likitan Michael Jackson, Conrad Murray, wanda kotu ta kama da laifi a 2011? Yana da lasisi a California da Texas da Nevada, kuma dole kowace jiha ta ɗauki nata matakin daban. Saboda masu yin ta'asa a nan su ɓulla can ne suka buɗe rumbun bayanai na ƙasa a 1990, inda ake shigar da duk hukuncin da aka yi wa likita. A 2017 kuma jihohi suka fara aiki da wata yarjejeniya don rage wahalar neman lasisi jiha-jiha. Su suna ɗinke ɓaraka, kai kana so mu yaga tamu.

Kawun Zariya: Ku bar ni in sa baki, yara. Can ma yawanci gwamna ne ke naɗa 'yan hukumar. To a kawo wannan nan, mai asibitin surukin gwamna ne, wa zai taɓa shi? Sannan ƙwararren da ke asibitin koyarwa na Shika a Zariya yana leƙa Kano ranar Asabar ya yi tiyata, sai ya biya lasisi biyu kenan? A kan marar lafiya za a fanshe.

Uwar Biyu: Kawu, ni ban damu da wanda ke buga hatimi ba. Ofis nake so a garinmu, mai ƙofa da kujera, inda mahaifina zai zauna ya yi bayani da Hausa a rubuta.

Baban Ilham: To ai maganata kenan.

Likitan Ƙauye: A'a, ba ita ba ce. Ita teburin karɓar ƙorafi take nema, kai kuma rajista 36 kake nema, ban da ta Abuja. Hajiya, takardun nan suna ƙarƙashin katifar har yanzu? In akwai rahoton tiyata ta biyu a ciki, kada a bari ya ɓata.

Uwar Biyu: Suna nan. Sai dai shawo kan tsohon ne aiki.