Shawarwarin da aka bayar a Marwa kan zama da sauran ƙabilu

A zaman da muka yi bayan la'asar a wata unguwa ta Marwa, birnin da ke arewacin Kamaru, yawancin masu magana sun yarda cewa zama da Fulani, Giziga, Kotoko da Larabawan Shuwa riba ce ga Bahaushe, musamman ɗan kasuwa. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a bar yara su koyi Fulatanci tun suna ƙanana, domin shi ne harshen ciniki a nan, Faransanci kuwa na makaranta da ofis ne. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce da Hausa yake ƙirga kuɗinsa, amma da Fulatanci yake yi wa mai saye ragi.

Ba a ɓoye illar ba. An tuno rikicin da aka yi a 2021 a yankin Logone-Birni da ke kan iyakar Kamaru da Cadi, tsakanin masunta Musgum da makiyaya Larabawan Shuwa kan ruwa, wanda ya kori dubban mutane zuwa Cadi. Saboda haka aka ba da shawarar a kai rigimar gona ko mashaya gaban jauro ko lawan, wato masu sarautar gargajiya na unguwa ko ƙauye, tun tana ƙarama, kafin a laƙa mata sunan ƙabila. Batun auratayya kam, ni ban ga an daidaita ba, domin iyaye mata sun fi kowa ɗari-ɗari da shi.