Abin da aka tattara daga zaman manoma kan yadda kuzari ke ratsa halittu

A zaman da manoma, makiyaya da masunta suka yi da wani malamin gona a wani ƙauye kusa da Haɗejia, an fara da bayanin cewa kuzarin da ke cikin kowane abinci daga hasken rana yake fitowa. Gero da ciyawa suna kama shi ta ganyensu, fara da ɓera da tumaki su ci tsiron, sannan shaho, mujiya da maciji su ci na ƙasa da su. Malamin ya ce kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai ke wucewa daga wani mataki zuwa na gaba, sauran kuwa yana ƙarewa a numfashi, motsi da ɗumin jiki, shi ya sa fari suka fi shahuna yawa nesa ba kusa ba.

Shawarar da aka fi daɗewa a kanta ita ce a daina kashe mujiya saboda camfi, domin ita ce ke rage ɓerayen da ke huda rumbu da dare, kuma a ganina wannan ce ta fi wuyar karɓuwa a wajen dattawa. An kuma ja kunne kan yawan feshi, saboda wasu gubobin suna taruwa a jikin tsuntsun da ya ci farin da aka fesa.

Makiyaya sun nemi a bar ƙona kara bayan girbi, tunda dabbobi za su ci, gara da ƙananan halittun ƙasa kuma su mayar da kashinsu taki. Masunta sun amince su rage amfani da koma mai ƙananan idanu a fadama.